Ƙofar da ba a kullewa a ƙolin Grand-Saint-Bernard

Tsakanin Suwis da Italiya, bisa tsaunukan Alpes, akwai mashigar Grand-Saint-Bernard mai tsayin metir 2.469. Daga Oktoba har wajen Yuni dusar ƙanƙara takan rufe hanyar mota, sai mai ƙafa ke hawa. Matafiyi yakan aje motarsa gaba da ƙauyen Bourg-Saint-Pierre, ya ɗaura faffaɗan takalmi don kada ya nutse, ya yi awa biyu ko uku yana hawa. Tilas ya ratsa Combe des Morts, wato kwarin matattu, inda ƙanƙara kan zubo daga bisa ta binne mutum.

A ƙoli akwai masaukin da waliyyi Bernard ya kafa wajen shekarar 1050 domin fatake da maziyarta Roma. Ta nan Napoléon ya ƙetare da soja wajen 40.000 a watan Mayu 1800. Tun 1964 motocin kaya ta ƙarƙashin dutse suke wucewa. Duk da haka limaman Katolika suna nan rani da hunturu, ba su kulle ƙofa dare ko rana. Duk wanda ya iso yana rawar ɗari, shayi mai zafi ake fara miƙa masa, ba a tambayar addininsa.