Ladi Kwali, Maginiyar Tukwane

Duk wanda ya juya takardar naira 20 ta Nijeriya zai ga hoton wata mata tana gina tukunya. Wannan mata ita ce Ladi Kwali. An haife ta wajen shekarar 1925 a garin Kwali, a ƙasar Gwari. Ladi kuwa suna ne da ake ba mace wadda aka haifa ranar Lahadi.

A ƙasar Gwari ginin tukwane sana'ar mata ce. Tun Ladi tana yarinya ta koyi sana'ar a hannun wata daga cikin iyayenta mata. Ga yadda ake yi: a kwaɓa yumɓu, a murza shi kamar igiya, a riƙa ɗora wani bisa wani ana shafewa da hannu. Tukunyar ba ta motsi, maginiyar ce take zagaya ta. Idan ta bushe sai a gasa ta a fili da itace da ciyawa. Ladi takan zana ƙadangare, kunama, kifi, maciji ko hawainiya a jikin randunanta.

A farkon shekarun 1950 wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja. Ya ga tukwanen Ladi a fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, sun kuwa burge shi. A 1954 ta shiga makarantar, ta zama mace ta farko da ta yi aiki a can. Nan ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, da shafa wa tukunya ruwan sheƙi, da gashi a tanderu mai zafin gaske.

Amma ba ta bar hanyar da ta gada ba. Ta ci gaba da gina manyan randuna da hannu, sai dai a shafa musu sheƙi a gasa su a tanderu. Wannan ya canza amfaninsu. Randar gargajiya tana tsatsafo, shi ya sa ruwan cikinta yake sanyi. Mai sheƙi kuwa ba ta tsatsafo, ga ta da nauyi, saboda haka ta tashi daga kayan aikin gida ta koma kayan ado.

An nuna ayyukanta a Landan a 1958, ta kuma zaga Amurka a 1972 tana gwada wa mutane yadda take gini. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a Minna a 1984. Makarantar Suleja ta ɗauki sunanta, kuma tun 2007 hotonta yake kan naira 20.