Shirin Musamman: Gas Daga Kashin Shanu, Amfaninsa da Haɗarinsa

 

Duk ranar Alhamis karar Maigatari da ke jihar Jigawa kan cika da shanu da raƙuma da tumaki, wasu daga Jamhuriyar Nijar. In kasuwa ta watse, kashi ne tuli ake bari a ƙasa. To wannan kashi, idan aka dama shi da ruwa aka rufe a tankin da iska ba ta shiga, yana ruɓewa ya fitar da gas na girki, wato bayogas, ragowar kuma ta zama taki. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana aiki a kan irin waɗannan tankuna. A yankin da itace ke ƙara tsada, hamada kuma na matsowa, wannan ba ƙaramar dama ba ce. Sai dai gas ɗin yana kisa idan aka yi masa sakaci.

Kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na bayogas iskar metan ce. Ba ta da launi, ba ta da wari. Da zarar ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar ɗaki, ƙyasta ashana ko kunna makunnin lantarki ya isa wurin ya fashe. Jihar Jigawa ba ta manta da Majiya ba, inda tankar fetur ta kama da wuta a watan Oktoban 2024, mutum fiye da 150 suka rasu. Man daban ne, amma wuta ba ta tambaya.

Haɗari na biyu ya fi ɓoyuwa. Akwai wata iska mai guba a cikin gas ɗin, mai warin baragurbi. Tana da nauyi, tana kwantawa a ƙasan rami. Abin tsoron shi ne, idan ta yi yawa sai ta kashe jin warin hanci, mutum ya zaci ta tafi. A watan Nuwamban 2005, a ƙauyen Rhadereistedt na ƙasar Jamus, ita ce ta hallaka mutum huɗu a wata masana'antar bayogas, lokacin sauke sharar mahauta.

Me ya wajaba a tanada? Da farko, bawul na rage matsi a kan tankin. A zafin bazara gas kan taru da sauri, in ba shi da mafita sai tanki ya tsage. Sai makulli biyu, ɗaya a bakin tanki, ɗaya kusa da risho. A mafi gangaren bututu a sa matarar ruwa, domin gas ɗin na tafe da raɓa, wadda kan toshe hanya. A sa matacin garin ƙarfe da ke riƙe iskar mai guba, wadda ke cin ƙarfe ta jawo tsatsa. Kafin risho ko janareta kuma a sa 'yar na'urar raga da ke hana harshen wuta komawa cikin tanki.

Tiyon ban-ruwa ba na gas ba ne, rana kan busar da shi ya tsattsage. Neman yoyo kuwa, da ruwan sabulu ake yi: a shafa a kowane mahaɗi, inda kumfa ya tashi nan ne ɓarakar. Kada mai walda ya taɓa tanki sai an juye shi, iska ta ratsa shi sosai. Dabarar zura fitila don gwada iska da wasu masu yasar rijiya ke yi, a nan ajali ce. Idan kuma wani ya faɗi a cikin rami, kada a bi shi haka kawai, domin mai ceto kan zama gawa ta biyu. A kira jami'an kashe gobara.

Saboda haka, ƙungiyoyin kara da mahauta da makarantun kwana, duk mai shirin gina irin wannan tanki ya sa kuɗin waɗannan kayayyaki a lissafinsa tun farko, ya nemi ƙwararre, ya kuma nisanta yara da wurin.

 Allah Ya kiyaye mu.