Lokacin Zuba Maganin Gwazarma a Filayen Ciyawa na Amurka

Gabatarwa

A ƙasar Amurka, ciyawar da ake shukawa a harabar gidaje da filayen wasanni dukiya ce da ake kashe wa kuɗi mai yawa. Babbar abokiyar gabarta ita ce gwazarma, wato farar tsutsar da ke zaune cikin ƙasa tana cin saiwa. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin da ya sa nasarar magani ta rataya a kan lokacin da aka zuba shi.

Zagayen Rayuwar Ƙwaron

Misali mafi shahara shi ne ƙwaron Japan, Popillia japonica, ɗan dangin buzuzu, wanda aka fara gani a jihar New Jersey a shekarar 1916. Rayuwarsa shekara guda ce. Manyan ƙwari kan fito a watannin Yuni da Yuli, su nasa ƙwai a ƙasa mai laima. Bayan kimanin mako biyu ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta dinga cin saiwa a Agusta da Satumba har ciyawa ta bushe, ana ɗaga ta kamar tabarma. Da sanyi ya shigo sai ta nutse can ƙasa, ba ta sake hawowa sai an fara ɗumi.

Rigakafi da Magani

Magungunan iri biyu ne. Na rigakafi, irin su imidacloprid, ana zuba su daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli, domin su riga tsutsar isa wurin saiwa. Shi kuwa chlorantraniliprole, saboda jinkirinsa wajen ratsa ƙasa, a Afrilu ko Mayu ake zuba shi. Na biyu su ne masu kashewa nan take, irin su trichlorfon da carbaryl, waɗanda suka fi amfani a Agusta zuwa farkon Satumba, lokacin da tsutsar take ƙarama kuma tana kusa da saman ƙasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: wanda ya jira har ta ƙosa, mafi yawan maganinsa asara ne.

Kafin a zuba mai kashewa, akan yanke ciyawa a duba ƙarƙashinta. Sai an sami tsutsa wajen 10 a murabba'in ƙafa ɗaya magani ke zama dole. Bayan zubawa a yi ban-ruwa na kimanin rabin inci domin maganin ya sauka. Haka kuma a fara aske ciyayi masu fure, don kada ƙudan zuma su halaka.

Kammalawa

Waɗannan watanni na yanayin Amurka ne, kuma ko a can sukan gusa tsakanin kudu da arewa. Abin da ba ya canjawa shi ne ƙa'idar: a san ƙwaron, a san matakin da ya fi rauni, sannan a ɗauko magani.