Mubaya'a da Tawaye: Nazarin Kalmomin Biyayya ta Fuskar Tarihin Kazaure

Kowace al'umma da ta san sarauta tana da kalmomin shiga ƙarƙashin shugaba da na fita daga hannunsa. A Hausa, babbar kalmar shiga ita ce mubaya'a, wadda aka aro daga Larabci, tushenta kuwa ɗaya ne da na ciniki, watau mutum ya miƙa hannu an ƙulla alkawari kamar yadda ake ƙulla saye da sayarwa. Akwai kuma caffa, wadda bara yake yi wa ubangidansa domin neman kariya. Amma kalmomin fita, irin su tawaye da bore da cin amana, duka suna ɗauke da zargi.

A wasu harsuna fitar tana da sunan da doka ta sani. Kalmar Ingilishi "defy", wadda a yau take nufin yin fito-na-fito, asalinta ita ce sanar da ubangida a fili cewa an warware alkawarin biyayya. Haka manyan Ingila suka yi wa Sarki John a shekarar 1215 kafin su ɗauki makami. A tsohuwar Rasha kuwa, sumbatar gicciye ita ce rantsuwar biyayya, wanda zai warware ta kuma sai a ce ya ajiye sumbatar. A wuraren nan biyu an bambanta mai warwarewa a fili da maci amana.

Tarihin Kazaure ya nuna yadda ake raba wannan gardama a ƙasar Hausa. Ɗantunku, wanda ya taimaki jihadi har ya sami tuta daga Shehu Usmanu, ya ƙi yi wa Ibrahim Dabo mubaya'a sa'ad da Dabo ya hau gadon Kano a 1819. A idon Kano wannan tawaye ne, aka kuwa shafe shekara biyar ana gwabzawa. Amma mai tuta yana da hujja, gama alkawarinsa na asali da Shehu ya ƙulla shi. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tabbatar da Kazaure masarauta mai cin gashin kanta. Da wannan hukunci abin da ake kira tawaye ya koma kafa masarauta, wadda a yau ta haɗa da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi.

Babura, maƙwabciyarta, ta bi wata hanya dabam. Ta zauna ƙarƙashin Kano har 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, sa'an nan aka sanya ta cikin sabuwar masarautar Ringim. Biyayya ta sauya alƙibla, ba wanda ya ambaci bore.

Saboda haka mai nazarin tarihi, in ya ci karo da kalmar tawaye, ya kamata ya fara tambayar daga bakin wa ta fito, kuma wa aka yi wa mubaya'ar farko.