Mujiya a Idon Hausawa da Sinawa

A ƙauyukan Gwarzo da Kabo, kamar sauran ƙasar Hausa, idan mujiya ta yi kuka a kan gida cikin dare, sai hankalin mutanen gidan ya tashi. Wasu su ce mutuwa take kira, wasu su ce tsuntsuwar mayu ce. Yara kuwa da sun hango ta da rana a kogon kuka, sai jifa. Hatta tsuntsaye taruwa suke su tsangwame ta, shi ya sa wanda jama'a ta tsana akan ce an mai da shi mujiya.

Wannan baƙin jini ya kai har ƙasar Sin. A tsohon rubutun Sinawa akwai harafin 梟 mai nufin mujiya, wanda ake furtawa "shiyau", zanensa tsuntsu ne a bisa itace. Ƙamus ɗin Shuowen, wanda Xu Shen ya kammala wajen shekara ta 100 bayan haihuwar Annabi Isa, ya ɗauke ta a matsayin tsuntsuwa marar biyayya ga iyaye, domin an yi imani cewa idan ta girma takan cinye uwarta. Ga mutanen da suka ɗora tarbiyyarsu kan girmama mahaifa, babu laifin da ya kai wannan. Saboda haka a zamanin daular Han akan dafa romon mujiya a raba wa fadawa, don a rage irinta. Harafin kuma ya ɗauki ma'anar sare kan mai laifi a kafa shi bisa sanda.

Amma kakannin Sinawa ba haka suka ga mujiya ba. A 1976 an tono kabarin Fu Hao a Anyang. Matar Sarki Wu Ding ce na daular Shang, kuma ta jagoranci mayaƙa wajen shekaru 1,200 kafin haihuwar Annabi Isa. Cikin kayan alfarmar da aka binne ta da su har da tuluna biyu na tagulla masu siffar mujiya. Tsuntsuwar ba ta sauya ba, ra'ayin mutane ne ya juya.

Mujiya ba ta cin uwarta, ba ta kuma san ajalin kowa ba. Hadisin da ya hana camfi da tsuntsaye ya haɗa da camfin da Larabawan Jahiliyya suke yi da ita. Abincinta ɓeraye ne da ƙwari, masu ɓarnar dawa da gyaɗa a gona da rumbu. Manomin da ya kashe mujiya, ɓera ya yi wa aiki.