Gem Ɗin Kyauta Ko Na Biyan Wata-Wata: Wanne Ne Ya Fi Cin Kuɗinka?

Idan ka buɗe Play Store ka duba manyan gem ɗin da matasa ke bugawa tare ta intanet, irin su Free Fire, PUBG Mobile, Call of Duty Mobile da eFootball, za ka ga duk abu ɗaya ya haɗa su: ba a biyan ko sisi kafin a sauke su. Amma kamfanonin da suka yi su suna biyan albashin ɗaruruwan ma'aikata, suna biyan kuɗin manyan kwamfutocin da ake kira saba, waɗanda ke haɗa ka da sauran 'yan wasa dare da rana, kuma duk da haka suna cin riba mai tsoka. Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. To daga ina kuɗin ke fitowa?

Hanyoyi biyu ne suka fi shahara. Ta farko ita ce biyan wata-wata, kamar yadda ake sabunta DStv ko StarTimes: ka biya a buɗe maka, kuɗinka ya ƙare a rufe. Ta biyu ita ce a bar ƙofa a buɗe kowa ya shiga, sannan a kafa shago a cikin gem ɗin. Kowace hanya tana da irin halin da take koya wa kamfani, kuma wannan halin ne yake komawa kan aljihunka.

Zamanin biyan wata-wata

Gem ɗin farko da suka tara dubban mutane a duniya ɗaya, kamar Ultima Online na 1997 da EverQuest na 1999, duk da kuɗin wata suka rayu. Wanda ya kai tsarin ƙololuwa shi ne World of Warcraft na kamfanin Blizzard, wanda ya fito a 2004. A Amurka ana biyan dala 14.99 duk wata, kuma a 2010 masu biya sun kai miliyan 12.

Lissafin kamfani a nan a bayyane yake. Kowane ɗan wasa kuɗi ɗaya yake kawowa, don haka abin da ake so shi ne kada ka tafi. Sai a riƙa ƙara sabbin wurare, sabbin dodanni da sabon labari domin ka sabunta a wata mai zuwa. Talaka da mai kuɗi farashi ɗaya suka biya, a cikin wasan kuma wanda ya fi ƙwarewa da ba da lokaci shi ke gaba.

Sai dai akwai katanga a bakin ƙofa. Wanda bai taɓa buga gem ba da wuya ya yarda ya ɗaura wa kansa bashin wata-wata, kuma mutum ba zai iya riƙe irin wannan biya a gem uku ko huɗu lokaci guda ba. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda suka kwaikwayi World of Warcraft suka sha ƙasa. Star Wars: The Old Republic ya fito a Disambar 2011 da kuɗin wata, kafin shekara ta zagayo, a Nuwambar 2012, ya buɗe ƙofar kyauta. The Lord of the Rings Online ma haka ya yi a 2010. Kaɗan ne suka tsaya a kan tsohon tsarin har yau, kamar World of Warcraft ɗin kansa da Final Fantasy XIV, su ma kuma suna barin sabon shiga ya ɗanɗana wani sashe kyauta.

Yadda kyauta ta ci kasuwa

Tsarin kyauta ya yi ƙarfi ne daga Koriya ta Kudu da Sin, inda matasa suka saba buga gem a shagunan intanet maimakon sayen faifai. Kamfanin Nexon na Koriya yana cikin waɗanda suka fara, kuma gem ɗinsa MapleStory na 2003 ya nuna cewa za a iya rayuwa da sayar da ƙananan kaya a cikin wasa. A 2009 Riot Games ya fitar da League of Legends kyauta, a 2017 kuma Fortnite na Epic Games ya tabbatar wa kowa cewa sayar da tufafi da salon rawa kaɗai zai iya kawo biliyoyin daloli.

A waya kuwa tsarin ya samu gida. Garena na Singafo ya fitar da Free Fire a 2017, an gina shi yadda zai yi aiki a waya mai ƙaramin ƙarfi, shi ya sa mai Itel ko tsohuwar Tecno ma yake shiga a dama da shi. A 2019 shi ne gem ɗin waya da aka fi saukewa a duniya. PUBG Mobile ya zo a 2018, Call of Duty Mobile a Oktobar 2019. Konami ma a 2021 ya ajiye sunan PES da ake saya duk shekara, ya koma eFootball na kyauta.

Dole a faɗi gaskiya: ba don wannan tsari ba, yawancin matasan Kano, Zariya, Maraɗi ko Damagaram da ba su taɓa shiga fili ɗaya da ɗan Brazil ko ɗan Indonesiya ba. Dala 15 a wata ta fi ƙarfin mafi yawanmu.

Wa ke biya wa sauran?

A gem ɗin kyauta, mafi yawan 'yan wasa ba sa sayen komai. Kaɗan ne ke saya, a cikinsu kuma wasu 'yan tsiraru ne ke kashe kuɗi mai yawa. Masu sana'ar suna kiran waɗannan da sunan babban kifin teku, domin kama ɗaya ya fi kama dubun ƙanana.

Kada ka ɗauka wanda ba ya biya ba shi da amfani. Gem ɗin da ake jefa mutum 50 ko 100 a tsibiri ɗaya yana buƙatar jama'a a kowane lokaci, in ba haka ba sai a yi ta jira kafin wasa ya fara. Kuma wanda ya sayi riga mai tsada yana son masu kallo. Kai da ba ka biya ba, kai ne ka cika filin, kai ne kuma ɗan kallon.

Ga wanda ya san yadda ake gina manhaja, abin da ke faruwa a bayan fage ba ɓoyayye ba ne. Ana ƙirga mutum nawa suka dawo washegari, nawa suka dawo bayan kwana 7, nawa bayan kwana 30. Ana nuna wa wasu farashi iri ɗaya, wasu wani iri, a ga wanda ya fi jawo saye. Kyautar shiga ta kullum, da agogon da ke ƙirga saura awa kaza tayi ya ƙare, duk an gwada su an ga suna aiki kafin su iso wayarka.

Abubuwa huɗu da ake sayar maka

Na farko kayan ado ne: riga, fentin bindiga, mota, rawa. Ba sa ƙara maka ƙarfi, kwalliya ce kawai. Wannan shi ne mafi tsafta a cikin hanyoyin.

Na biyu tikitin zango, wanda PUBG Mobile ke kira Royale Pass, Free Fire kuma Booyah Pass. Asalinsa daga Dota 2 ne a 2013, Fortnite ya yaɗa shi. Ka biya sau ɗaya, sai ka yi ta wasa kana buɗe kyaututtuka kafin zangon ya ƙare. Idan ka lura, biyan wata-wata ne ya dawo da sabuwar riga, har da ƙari: bayan kuɗinka, yana neman lokacinka, domin in ba ka buga kullum ba abin da ka biya zai wuce ka.

Na uku sayen ƙarfi. A nan kuɗi ke ba mutum ɗan wasa ko makamin da ya fi na abokin karawarsa. Duk wanda ya haɗu da ƙungiyar da aka cika da tsofaffin zakarun ƙwallo a eFootball ya san yadda abin yake.

Na huɗu, wanda ya fi haɗari, shi ne akwatin sa'a. Ka biya, a juya, abin da ya fito shi ne rabonka. Ɗauki Genshin Impact na 2020 a matsayin misali, tun da kamfanin ya wallafa alƙalumansa. Damar samun jarumi mai tauraro biyar a juyi ɗaya kashi 0.6 ce cikin 100. An yi alƙawarin ba za ka wuce juyi 90 ba tare da ka samu ɗaya ba, amma zai iya zama ba wanda kake nema ba, sai ka kai juyi 180 kafin ya tabbata. Kowane juyi yana cin duwatsu 160, wato 28,800 ke nan idan sa'a ta ƙi. Wanda zai saye su duka da kuɗi zai kashe fiye da dala 300, kusan kuɗin shekara biyu na World of Warcraft, a kan jarumi ɗaya.

Akwai kuma dabarar da ta ratsa duka huɗun: kuɗin cikin gem. Free Fire na da Diamond, PUBG Mobile na da UC, Call of Duty Mobile na da CP. Da zarar naira ta koma Diamond, ƙwaƙwalwa ta daina lissafi da naira. Kuma sau da yawa ƙunshin da ake sayarwa ba ya yin daidai da farashin kaya, sai ka sayi fiye da buƙata, ragowar kuma ta ja ka ka ƙaro.

Hukumomi sun fara sa ido

A 2017 Star Wars Battlefront II na kamfanin EA ya jawo ƙorafi mai zafi saboda akwatunan sa'a, a 2018 kuma hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatin da ake saya da kuɗi caca ne. Shi ya sa Diablo Immortal bai fito a ƙasar ba a 2022. Sin ta wajabta bayyana damar cin kowane akwati tun 2017, Apple ya sa irin wannan doka a shagonsa a ƙarshen shekarar, Google ya biyo baya a 2019.

A Amurka, a Disambar 2022 Epic Games ya amince ya biya dala miliyan 520 bayan tuhumar hukumar kare masu saye ta FTC. Miliyan 245 daga ciki na mayar wa mutane kuɗinsu ne, saboda an tsara maɓallan Fortnite yadda taɓawa ɗaya bisa kuskure za ta cire kuɗi. A Janairun 2025 masu Genshin Impact su ma suka amince da biyan dala miliyan 20, tare da daina sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 akwatin sa'a ba da izinin iyaye ba.

Wannan batu ya shafi mai karatu ta wata fuskar ma. Biyan kuɗi tabbatacce domin samun abin da ba a san ko mene ne ba, abu ne da Musulmi ya kamata ya tsaya ya tambayi malami a kansa kafin ya mayar da shi al'ada.

Lissafin namu na gida

Farashin waɗannan kaya yana bin dala ne. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Diamond ɗin bai canja ba, amma nauyinsa a aljihu ya ninka. A Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Gem ɗin kyauta yana cin data wajen wasa, ya fi ci wajen sabuntawa, ga kuɗin caji a inda wuta ba ta zama.

Wahalar biya da katin banki ta sa da yawa suna saye ta hannun dillalai a WhatsApp da Facebook. Akwai masu gaskiya a cikinsu, akwai kuma ɓarayi. Saye na halal lambar ɗan wasa kawai yake buƙata. Duk wanda ya nemi kalmar sirrinka ko lambar da aka turo maka ta saƙo, asusunka yake so ya ƙwace. Shafukan da ke alƙawarin Diamond kyauta da manhajojin da aka yi wa kutse su ma ƙarshensu ɗaya: ko a sace asusun, ko kamfani ya rufe shi.

Sannan ka tuna abin da ka saya ba mallakinka ba ne, izinin amfani aka ba ka muddin gem ɗin yana raye. Apex Legends Mobile ya fito a Mayun 2022, aka rufe shi a Mayun 2023, kayan da mutane suka saya suka tafi tare da shi.

To wanne ya fi?

A yau layin da ke tsakanin tsarin biyu ya kusa gogewa. Fortnite na da Fortnite Crew na dala 11.99 a wata tun 2020, Free Fire na da rajistar mako da ta wata, World of Warcraft mai kuɗin wata shi ma yana da shago. Saboda haka abin dubawa shi ne ko kuɗin da za ka kashe yana da iyaka. Biyan wata-wata yana gaya maka farashinsa tun daga ƙofa, ba ya wuce haka. Gem ɗin kyauta zai iya tsayawa a sifili har abada, zai kuma iya cinye kuɗin makaranta, domin babu inda aka ja layi sai wanda ka ja da kanka.

Ga mai waya a ƙasarmu, gem ɗin kyauta ne zaɓin da ya fi dacewa, amma da sharaɗi. Ka yanke abin da za ka iya kashewa a wata tun kafin ka buɗe shagon, kuma ka mayar da kowane farashi zuwa naira kafin ka danna. Idan za ka saya, sayi abin da ka ga farashinsa ka san abin da za a ba ka, ka bar akwatin sa'a. Kada ka sayi tikitin zango sai ka tabbata dama can kana buga wasan kullum. Ka shiga saitin Play Store ka kunna neman kalmar sirri ko zanen yatsa a kowane saye, musamman idan ƙannenka na ɗaukar wayar. Ka kuma leƙa sashen biyan kuɗi lokaci-lokaci ka soke duk rajistar da ke sabunta kanta ba ka sani ba.

Idan kuma ka ga ba ka iya cin wasa a wani gem sai ka biya, ko ka ji kana shiga ne don tsoron kada kyautar yau ta wuce ka alhali wasan ya daina yi maka daɗi, goge shi ka nemi wani. Play Store cike yake da su.