Ci-rani Ba Maigida: Dalilin da Ya Sa Matasanmu Ke Daɗewa a Birni Ba Su Kafu Ba

Tun ranar 1 ga Yuni 2022, da gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, ta kuma shiga murƙushe baburan da aka kama, abu ɗaya muke maimaitawa. Haka aka yi a Oktoban 2024, lokacin da ministan Abuja Nyesom Wike ya ba mabarata wa'adin barin tituna. Da an yi irin wannan shara sai a cika Facebook da gidajen rediyo da kukan an tsangwami 'yan Arewa, bayan kwana uku a yi tsit. Ba mai tambayar yadda aka yi saurayi ya shekara biyar a Legas, amma ran da aka ƙwace babur ɗinsa ya koma tamkar jiya ya sauko daga bayan tirela. A ganina amsar a fili take: ba shi da maigida.

Abin da ya fito da shi daga ƙauye ba ɓoyayye ba ne. A da, ɗan ci-rani yakan fita bayan kaka, ya dawo da saukar ruwan fari riƙe da kuɗin taki da na aure. Yanzu a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato gonar ma sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a shiga, don haka ci-rani ya zama ƙaura. Hana acaba a tsakiyar Abuja a 2006 da na Kano a 2013 sun tura wasu Kudu, cire tallafin mai a 2023 ya ƙara matse kowa. Waɗannan duk dalilan fita ne. Ba su bayyana abin da ya sa mutum biyu za su sauka tasha ɗaya rana ɗaya, bayan shekaru ka tarar ɗaya ya zama dillalin albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, ɗayan kuwa har yanzu a kango yake kwana.

Bahaushe ba jiya ya fara baƙunta ba, kuma yana da tsarinsa na karɓar baƙo. Unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 take. Akwai Agege da Idi-Araba a Legas, akwai zangon Kumasi da Sabon Zango a Ankara. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna cewa cinikin goro da shanu kacokan a wuyan masu gida ya rataya. Maigida ne ke saukar da fatake, ya ciyar da su, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu idan an ba da kaya bashi. Yaron da ya zo da ƙullin kayansa kawai yakan fara da ɗaukar kaya da aike, ya koyi yaren gari, ya san wane ne mai cika alkawari a kasuwa. In ya nuna amana, a ba shi jari, wani lokaci har a yi masa aure. Cikin 'yan shekaru shi ma yana saukar da wasu.

Wannan tsarin ya ba baƙo abin da kuɗi ba sa saya. Ya ba shi suna, domin "yaron Alhaji wane" ba ya ɓacewa a gari. Ya ba shi wanda zai je ofishin 'yan sanda ya yi belinsa. Ya kuma nuna masa matakin da zai taka gaba, har ya san wahalar yau tana da inda ta dosa. Kwarin gwiwar da ake gani a fuskar ɗan canji a Zone 4 ta Abuja, ko mai sayar da shanu a Oko-Oba ta Legas, daga nan ya samo asali. Da ɗan gari akan ci gari.

Yau masu zuwa sun fi ƙarfin masu saukarwa, kuma sana'o'in da suke faɗawa ba sa buƙatar kowa ya koya maka komai. Acaba, garuwa, bola jari, yankan farce, gadin gidan da ba a gama ba: ka fara yau, ka samu na tuwo yau, bayan shekara goma kana inda kake. Mai babur ɗin da kake biya balas kullum ba maigidanka ba ne, ran da aka kama ka babur ɗinsa zai nema. Sakamakon shi ne saurayi mai tafiya a ɗarare, ba katin shaida, ba adireshi, ba ya jin yaren mutanen da yake ɗauka. Wasu su jingina da tiramol don jure aikin dare da rana. In rikici ya tashi, kamar na Mile 12 a 2016 ko na kasuwar Sasa a Ibadan a 2021, wanda ba a san shi ba shi ake fara zargi, shi ne kuma ba mai neman sa.

Akwai masu cewa zamanin maigida ya wuce, waya ta maye gurbinsa: ɗan uwa ya kira ka, ka zo, ka tura kuɗi gida ta POS, ba wanda ke juya ka. Suna kuma tuna cewa wasu masu gidan sun bautar da yara shekara da shekaru ba sallama. Gaskiya ne, an yi haka, kuma akwai matasan da suka tsaya da ƙafarsu su kaɗai. Sai dai ɗan uwan da ya kira ka shi ma a kan benci yake kwana, waya kuwa ba ta tsaya wa mutum a ba shi buhun albasa bashi. 'Yan kasuwar Ibo ba su yar da nasu tsarin na koyon kasuwa da sallamar yaro ba, kowa kuma yana ganin abin da ya haifar musu.

Sarakunan Hausawa na Kudu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ne magadan wannan aiki. Rajistar sabbin zuwa, da haɗa kowane yaro da mai sana'ar da zai koya masa, ya fi takardar koke bayan an yi ɓarna. Gwamnonin da jihohinsu ke zubar da matasa su ma kuɗin motar dawo da su ba shi ne taimako ba. Iyaye kuma, kafin ku sayar da akuya ku ba yaro kuɗin mota, ku tambaye shi wurin wa zai sauka, kuma wace sana'a mutumin zai koya masa. In ba shi da amsa, bai shirya tafiya ba.